Na ga ƙwai a ƙasa cikin dajin Ingila, in ɗauka?

Ɗan'uwa, ka ce kana yawo a daji a Ingila ƙarshen Maris, wani tsuntsu mai dogon baki ya tashi fir daga gabanka, ka duba ka ga ƙwai huɗu a kan busasshen ganye, shi ne kake tambaya ko yasar da su aka yi.

Ba a yasar ba. Da alama wanda Turawa ke kira woodcock ne. Kamar fakara yake, a ƙasa yake sheƙa: ɗan rami a gindin itace, a shimfiɗe da ganye. Macen ce kaɗai ke kwanci, kusan mako uku, kuma launinta ya saje da ganyen, shi ya sa ba ta motsi sai ka kusa taka ta. Tana nan kusa, jira take ka tafi.

Don haka ka ja da baya, kada ka tsaya ɗaukar hoto. In ta daɗe ba ta dawo ba ƙwan zai huce, ga hankaki da yanyawa na neman irin wannan dama. Karnukan masu yawo ma suna ɓarna. A sa wa kare igiya daga Maris zuwa Yuli.

Maganar ɗauka kuwa, ka manta da ita. Dokar kare namun daji ta 1981 ta hana kwasar ƙwan tsuntsun daji a can. 'Yan tsakin ma suna tafiya da ƙafarsu jim kaɗan bayan ƙyanƙyasa, ba marayu ba ne. Sai in ka ga mai rauni, to ka kira RSPCA, ƙungiyar da ke kula da lafiyar dabbobi a can.