Zan iya canza wa motata batir da kaina ba tare da na rikita kwamfutarta ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na san filinka na waya da kwamfuta ne, amma tunda an ce motocin yanzu ma kwamfuta ce a kan tayoyi, ga tawa matsalar. Batirin motata ya shekara 4, kwanan nan idan na murɗa makulli da safe sai dai in ji ƙas-ƙas-ƙas, sai an yi mini jona take tashi. Ina so in sayo sabo in ɗaura da kaina, amma abokina ya ce da zarar na cire kan batir kwamfutar motar za ta goge, rediyo ya kulle. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Za ka iya, aikin bai fi na minti 20 ba, kuma abokinka ya faɗi gaskiya amma ya ƙara mata gishiri. Kafin mu je can, ka tabbatar batirin ne mai laifi. Shekara 4 dai ya ci lokacinsa, domin irin wannan batir yakan yi shekara 3 zuwa 5, zafi kuma ya fi sanyi saurin cinye shi. Duk da haka ka samu mitar gwajin wuta ka ɗora a kansa bayan motar ta kwana a kashe. Cikakken batir zai nuna wajen volt 12.6, idan ka ga 12.0 ko ƙasa ya kusa zama fanko. Sai ka tayar da inji ka sake gwadawa. A yawancin motoci ya kamata ka ga tsakanin 13.7 da 14.7. In ya tsaya a 12 da 'yan kai, altaneta ce, wato na'urar da ke yi wa batir caji idan inji na aiki, ba ta caji, kuma sabon batirin ma 'yan kwanaki zai yi ya bi sahun tsohon.

Idan za ka sayo, fara ɗaukar hoton tsohon da wayarka yana zaune a mazauninsa. Hoton zai nuna maka lambobin Ah da CCA da ke jikin takardarsa, wato yawan wutar da yake ajiyewa da ƙarfin da yake bai wa kik. Kada sabon ya gaza su. Zai kuma nuna maka gefen da kan mai alamar + yake. Mutane da yawa sun sha sayo batir mai kyau, sai an zo ɗaurawa a ga kawunansa a juye suke, waya ba ta kai ba.

To ga wurin da nake so ka natsu. Kashe mota, ja birkin hannu, zare makulli ka sa a aljihu, ka bar gilashi ɗaya a sauke, don wasu motocin kan kulle ƙofofinsu da kansu idan wuta ta dawo. Cire zobe da agogon ƙarfe. Ɗauki sifana, galibi mai lamba 10 ce, ka fara kwance kan mai alamar −, wanda galibi wayarsa baƙa ce, ka ture wayar gefe inda ba za ta dawo ta taɓa batirin ba. Bayan nan ne za ka kwance mai alamar +, mai jan murfi. Wajen ɗaurawa kuma sai ka juya: + ne farko, − ne ƙarshe.

Dalilin shi ne duk ƙarfen jikin motar a haɗe yake da kan −. Idan ka fara da + alhali baƙar wayar tana ɗaure, gindin sifanarka ya ɗan goga bodi, ka haɗa kawunan batirin biyu ke nan da ƙarfe tsagwaronsa, kuma batirin mota na iya sakin ɗaruruwan amfiya a take. Na taɓa ganin sifanar da haka ta faru da ita, bakinta ya narke kamar an ɗiga masa walda, mai ita kuma ya kwana biyu yana busa yatsunsa. Volt 12 ba zai fizge ka ba ko ka dafa kawunan biyu da busassun hannuwa, zafin da tartsatsin ne abin tsoro, musamman da yake batirin da aka yi ta caji yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta. Don haka ba sigari, ba ashana. Amma da zarar ka cire − tukuna, ko sifana ta taɓa bodi babu abin da zai faru.

Akwai ƙarfen da ya danne batirin a sama ko a gindi, kwance shi, ka ɗago batirin a miƙe. Yana da nauyi, kilo 15 zuwa 20, kuma ruwan cikinsa asid ne mai huda riga, kada ka karkata shi. Farin garin nan ko shuɗi-shuɗi da ke taruwa a bakin wayoyin, wanke shi da ruwa da ɗan bekin soda, ka goge da burushin ƙarfe har ƙarfen ya yi haske. Ɗaure sabon da kyau yadda ba zai yi rawa ba, kawunan kuma ka matse su har sai ka kasa juya su da hannu. Kada ka buga su da guduma, dalma ce, tana da laushi. Tsohon kuma ka mayar wa mai sayarwa, ana narka dalmarsa a yi wani.

Batun gogewa: manhajar da ke tafiyar da injin ba ta gogewa don wuta ta ɗauke, kamar yadda Android ba ya ɓacewa don wayarka ta mutu. Abin da kan tafi ƙananan abubuwa ne: agogo, tashoshin rediyo, saitin gilashin da ke hawa da taɓawa ɗaya, da abin da kwamfutar ta koya game da silo, wato yadda inji ke juyawa idan ba a taka totur ba. Shi ya sa za ka iya jin injin yana ɗan rawa a tafiyar farko, daga baya ya daidaita. Rediyon wasu motoci, kamar tsofaffin Honda, yana neman lambar sirri idan wuta ta dawo. Nemo lambar a littafin motar tun kafin ka taɓa sifana. In babu ita, akwai ɗan na'urar riƙe saiti da ake sokawa a kafar OBD, mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, tana ba motar 'yar wuta har ka gama. Sai dai idan ka yi amfani da ita, wayar + tana da wuta ko bayan ka cire ta, don haka ka naɗe bakinta da tsumma.

Tambaya: Malam, tawa motar irin mai kashe kanta ce idan na tsaya a danja, ta tashi idan na saki birki. An ce mini batirinta daban ne, wai har rajista ake yi masa. Ba wayon cin kuɗi ba ne kuwa?

Amsa: Hajiya, wannan karon ba wayo ba ne. Motar da ke tashi sau da yawa a tafiya ɗaya tana amfani da batir nau'in AGM ko EFB, wato waɗanda aka ƙera don su jure yawan tayar da inji, an rubuta a jikinsa. Idan AGM kika tarar, AGM za ki mayar, na gama-gari ba zai jure ba. Rajistar kuma ga ma'anarta: irin waɗannan motoci, kamar BMW da Volkswagen da Audi da wasu Ford, suna da na'ura a kan − mai lura da lafiyar batir, kwamfuta tana sauya yadda take caji gwargwadon tsufansa. Idan ba a gaya mata an sa sabo ba, za ta ci gaba da yi masa cajin tsoho, ya mutu da wuri. Ana yin rajistar ta kafar OBD. Da ɗan adafta mai Bluetooth da manhaja irin su BimmerLink ga BMW ko OBDeleven ga Volkswagen, wayarki ma za ta iya. In kin ga abin zai ba ki wahala, ki ɗaura batirin ki kai wa mai na'urar gwaji, aikin minti 5 ne. Idan batirin a but yake ko ƙarƙashin kujera, kada ki manta da mayar da siririn tiyon da ke fitar da iskarsa waje. Idan kuma motar haibirid ce, wato mai haɗa mai da lantarki, duk wayar da kika gani mai ruwan lemo ki yi nesa da ita, wannan ɗaruruwan volt ce.

Tambaya: Wani ya nuna mini dabara: a cire kan batir inji yana aiki, idan mota ba ta mutu ba to altaneta lafiya lau. In gwada?

Amsa: Kada ka kuskura. Dabarar zamanin motocin da ba su da kwamfuta ce. Batir ne ke shanye hawa da saukar wutar altaneta, idan ka zare shi inji na juyawa, wutar na iya tsalle ta ninka volt 12 sau da yawa cikin ƙiftawar ido, ta bi ta kan kwamfutar injin da rediyo da ita kanta altanetar. Mitar da na ambata a sama za ta ba ka wannan amsar ba tare da ka kwance ko noti ɗaya ba.