Kai ma "ka yi ƙoƙari" kake jira in ce?

Wai me ya sa na sa ka warware aljihun nan har sau uku, alhali a makarantarku ko yaro ya yi kuskure malama cewa take "ka yi ƙoƙari", ko jan biro ba ta sawa don kada ransa ya ɓaci? To ja benci ka zauna, yaro.

An taɓa kawo mini wani, ɗan kwastomana. Uban ya ja ni gefe ya ce don Allah in bi shi a hankali, ba a saba yi masa faɗa ba, a makarantarsu ma ba a faɗin wanda ya zo na ɗaya da wanda ya zo na ƙarshe. Ni kuma kunya ta rufe mini baki. Wata huɗu ina kallonsa yana yanka ba ya barin rarar ɗinki. In ya tafi gida in zauna da dare in gyara. Shi a ransa ya riga ya zama tela.

Saura kwana uku ɗaurin aure wani ango ya kawo shadda Getzner yadi goma daga Kantin Kwari, babbar riga da 'yar ciki da wando. Na tafi jana'iza, kafin in dawo yaron nan ya sa mata almakashi, ba wanda ya sa shi. 'Yar ciki ya yanka daidai awon jiki, ko inci ɗaya bai ƙara ba. Wuyan babbar riga kuwa ya buɗe shi har kafaɗa. Wuya in ya buɗe, wane surfani ne zai mayar da shi?

Kekena Butterfly, wanda na fara sana'a da shi, shi na sayar na biya shaddar. Kwana biyu ban runtsa ba. Angon ya karɓi kayansa, har yau bai sake tako shagon nan ba, ya kuma tafi da abokansa duka. Uban yaro ko kwabo bai ba ni ba. Ka san abin da yaron ya ce da na ɗaga rigar a gabansa? "Ai na yi ƙoƙari, Oga." Wallahi ko a jikinsa.

Ku yaran yanzu a yi muku gyara sai ku kumbura kamar an zage ku. Ni maigidana da sandar awo yake ƙwanƙwasa mini yatsa.

Yadda ake awo da sa alli ba sai na ɓata bakina ba, kana da ido. Ɗauki reza. Bakin aljihun nan ya karkata hagu, warware shi.