Tambaya da amsa: Shin sai da ɗan ciki ake samun tallafin bincike?

Tambaya

Assalamu alaikum Farfesa. Ni malami ne a wata jami'a, shekarata huɗu da kammala digiri na uku a fannin kiwon lafiyar al'umma. Aikina ya shafi gurɓatar ruwan sha a makarantun firamare da yadda gudawa ke hana yara zuwa aji. Sau uku ina neman tallafin bincike, sau uku ana aiko mini da wasiƙar ban haƙuri. Kwanan nan wani ya tuntuɓe ni ta WhatsApp, ya ce yana da mutane a cikin wata babbar gidauniya ta ƙasar waje. Zai rubuta mini daftarin binciken ya shigar da kansa, amma sai na biya kuɗin rajista da na buɗe fayil, in tallafin ya fito kuma ya ɗauki kashi 10 cikin 100. Abin da ya nema ya kai albashina na wata biyu. Abokan aikina na cewa haka ake yi, ba a samu sai da hanya. Ƙarin girmana ya tsaya cik, kuma gaskiya gwiwata ta fara sanyi. In biya? In ban biya ba, ina zan dosa?

Amsa

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka biya, ko sisin kwabo. Zan dawo kan mutumin nan, don shi ne ya fi ci mini rai a wasiƙarka, amma bari in fara da inda za ka dosa.

Aikinka ya taɓa lafiya da ilimi da muhalli a lokaci guda. Wannan dama ce, kuma tarko ne, domin kowace gidauniya tambaya ɗaya take son ji, da yarenta. In ka tunkare shi ta fuskar cuta, duba ƙananan tallafin da ƙungiyar RSTMH ta Landan ke ba masu tasowa a fannin cututtukan ƙasashe masu zafi, wanda ba ya wuce fam 5,000 na shekara guda. Kuɗin kaɗan ne, amma irinsa ne ke sa ka a hanya. Akwai shirin TDR na binciken cututtukan ƙasashe masu zafi, da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya a Janeba, wanda ya fi son binciken da ke nuna yadda za a sa abin da aka riga aka sani ya yi aiki a fili. Akwai gidauniyar Wellcome, da aka kafa a 1936, wadda cututtuka masu yaɗuwa da alaƙar sauyin yanayi da lafiya ke cikin manyan abubuwan da ta sa a gaba, kuma tana da rukuni na masu tasowa. In ta fuskar fashin makaranta za ka shiga, Gidauniyar Spencer ta birnin Shikago binciken ilimi kawai take tallafa wa, ƙananan tallafinta na kaiwa dala 50,000, kuma tana karɓar masu nema daga wajen Amurka. Akwai kuma shirin binciken ilimi na KIX, na haɗin gwiwar asusun tallafa wa ilimi na duniya, GPE, da cibiyar binciken ci gaba ta Kanada, IDRC. Ta fuskar muhalli ka yi hattara: gidauniyar Rufford ta kiyaye namun daji da tsirrai ce, ruwan makaranta ba nata ba ne, kuma ƙananan tallafin asusun muhalli na duniya, GEF, da aka fara a 1992 ƙungiyoyin al'umma ake ba, don aiki a ƙasa. Sai dai ka shiga a matsayin mai auna sakamakon aikin wata ƙungiya.

Ka duba shafin kowacce da kanka kafin ka kama rubutu. Ƙofofi na buɗewa suna rufewa. Wanda ya dogara da kuɗin USAID, hukumar agajin Amurka, ya ga yadda aka datse tallafinta a 2025.

To, yanzu maganar ɗan ciki, wato wanda ake cewa yana da hanya a cikin gidauniya.

Ba a yin mako ban ji wannan magana ba, kuma abin takaici daga bakin masu digiri uku nake jin ta. Mutumin da ba zai yarda da sakamakon gwaji ba sai an maimaita masa, shi ne zai yarda cewa wani da bai taɓa gani ba yana riƙe da makullin wata gidauniya a aljihunsa. Ka tambayi abokan aikin naka su nuna maka mutum ɗaya da ya biya irin wannan kuɗi tallafi ya sauka a asusun jami'arsa. Za ka ji an ce wai akwai wani a wata tsangaya. Kullum wani ne, kullum a wata tsangaya.

Gidauniyar kirki ba ta karɓar kuɗin rajista daga mai nema. Ba ta da kuɗin buɗe fayil, ba ta da kuɗin fito da kuɗi. Gidauniyar Gates da Majalisar Ɗinkin Duniya duk sun wallafa gargaɗi a shafukansu kan masu damfara da sunansu. Lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, kyauta ce. Lambar PIC mai alƙaluma 9 da cibiya ke buƙata kafin ta nemi kuɗin Tarayyar Turai kyauta ce. Rajistar SAM.gov ta gwamnatin Amurka kyauta ce, sai dai tana cin lokaci da haƙuri. Duk wanda ya saka wa ɗayan waɗannan farashi, jahilcinka yake sayar maka.

Sannan ka dubi yadda ake tantancewa, ka gaya mini ta wace kafa ɗan cikin zai bi. Da farko ma'aikata ke duba ko ka cika sharuɗɗa: ƙasarka na ciki, shekarunka bayan digiri ba su wuce ba, shafukanka ba su haura adadi ba, wasiƙar cibiyarka na nan. Da yawa a nan suke faɗuwa, ba wanda ya karanta ko layi ɗaya na iliminsu. Waɗanda suka tsallake sai a miƙa su ga masana na waje. A shirin Horizon Europe na Tarayyar Turai masana aƙalla uku ke karanta kowane daftari, kowa shi kaɗai, su ba da maki daga 0 zuwa 5 a kan abu uku: ingancin ilimin, tasirin da zai yi, da tsarin aiwatarwa. A NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, maki daga 1 zuwa 9 ne, 1 shi ne mafi kyau, kuma rabin daftarorin ko ma fiye ba a ko tattauna su a zaman kwamiti saboda makinsu na farko bai kai ba. Duk ɗan kwamitin da ke da alaƙa da mai nema, ko tsohon ɗalibinsa ne ko sun yi rubutu tare, sai ya bayyana, kuma ya fita daga ɗakin idan an zo kan takardar. Wato a nan sanin mutum ƙuri'arsa yake raba ka da ita. Lokacin da Gidauniyar Gates ta ƙaddamar da Grand Challenges Explorations a 2008, shafi biyu kawai ake rubutawa don neman dala 100,000, kuma masu tantancewa ba sa ganin sunan mai nema ko na jami'arsa. Ɗan ciki zai raɗa wa wa, a kan takardar da ba ta da suna?

Ba cewa nake masu tantancewa mala'iku ne ba. Suna da son sanannun jami'o'i, suna gajiya, wani lokaci su yi wa mai rubutu da harshen da ba nasa ba rashin adalci. Na gani da idona, na kuma yi musu a kai. Akwai ma gidauniyoyin da mafi yawan kuɗinsu ta gayyata suke bayarwa. Amma gayyatar daga jami'in shiri take zuwa, ta adireshin imel na gidauniyar, bayan ya karanta aikinka ko ya ji ka a taro, kuma ba ta zuwa da lambar asusun banki. Hanyar da ke aiki ita ce abokin bincike da ya san ka da riƙon amana, da babban malamin da zai yarda ya sa sunansa kusa da naka. Wannan ba a saye.

Na taɓa zama a wani kwamiti inda daftarori biyu daga cibiyoyi daban-daban suka zo hannuna a zagaye ɗaya. Gabatarwarsu iri ɗaya, jadawalin aiki iri ɗaya, har kuskuren lissafi a kasafin kuɗin man mota iri ɗaya. A ɗayan an manta an bar sunan wani kogi da ba ya cikin yankin da mai neman ya ce zai yi aiki. Duka biyun aka jefar, aka kuma rubuta wa shugabannin cibiyoyin. Ina kyautata zaton kowannensu ya biya, kuma kowanne an rantse masa cewa nasa na musamman ne. Mai rubuta daftari don sayarwa ba shi da lokacin tunanin sabuwar tambaya ga kowane mai saye. Tsoho yake wankewa ya sauya masa suna.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kashi 10 ɗin nan, don shi ne ke nuna cewa har yanzu ana ɗaukar tallafin bincike kamar kyautar da aka damƙa wa mutum ya yi yadda ya so. A mafi yawan lokuta kuɗin ba asusunka suke shiga ba. Yarjejeniya da jami'arka ake yi, kuɗin su sauka a wurinta kashi-kashi, kowane kashi sai an ga rahoton na baya. Kowane layi na kasafin an ƙayyade shi: kwalaben ɗiban ruwa, sinadaran gwajin ƙwayar cutar E. coli, akwatin sanyi da ƙanƙararsa, man mota, alawus na masu tattara bayanai. Babu layin da ake kira ladan dillali, kuma babu mai binciken kuɗin da zai amince da shi. Hatta ƙungiyoyin ƙwararrun marubuta neman tallafi a Amurka sun hana mambobinsu karɓar lada ta hanyar kaso. To daga ina za ka ciro masa? Daga rasit na bogi. Za ka rubuta cewa ka je makarantu 40 alhali 30 ka je. Za ka zauna da daddare gaban kwamfuta ka cike gurbin goman da suka rage da lambobin da suka yi kama da na sauran. Daga ranar ka daina zama mai bincike. Wata hukuma za ta karanta rahoton ta ce rijiyar makaranta kaza lafiya lau take, alhali ƙafarka ba ta taɓa taka harabar ba, yara kuma su ci gaba da sha. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, Malam. Kuɗin da aka ba ka da sunan yaran nan haƙƙinsu ne, kuma in odita bai gano ba, akwai Wanda ba a ɓoye masa rasit.

Wannan ma in har tallafin ya fito ke nan. Abin da ya fi yiwuwa shi ne bayan kuɗin buɗe fayil a turo maka wasiƙar taya murna mai tambari da sa hannu, sai a ce akwai kuɗin haraji, sai na takardar shaidar cewa kuɗin ba na ta'addanci ba ne, sai na lauya. Kowanne an ce shi ne na ƙarshe. Kai kuma ka riga ka zuba da yawa, kunya ta hana ka faɗa wa kowa, sai ka ƙara. Ranar da ka ce babu, lambar ta daina shiga.

Biyan mai gyaran harshe ya duba maka rubutun da kai ka yi, a kan ladan aikinsa da kuka yanke tun farko, wannan babu laifi. Tunanin dai ya zama naka, don idan aka kira ka ganawa ta bidiyo aka tambaye ka dalilin da ya sa ka zaɓi wannan adadin samfurin, ba wanda zai amsa maka.

Laifin kuma ba na matasan malamai kaɗai ba ne. Jami'o'i da yawa su ke tura mutanensu hannun 'yan damfara. Ofishin bincike da ya kamata ya tara sanarwoyi ya raba, ya taya ka tsara kasafi, ya tanadi takardun rajistar jami'a a wuri guda, sai ka tarar da shi a kulle. Wasiƙar goyon baya mai sakin layi biyu ta yi mako uku a kan tebur saboda mai sa hannu ya yi tafiya. Kwamitin ɗa'ar bincike ba ya zama sai an tara fayiloli. Ni kaina na taɓa rasa wa'adi da awa huɗu saboda hatimi. Shafin gidauniya kuwa ba ya jin roƙo, in lokaci ya cika ya rufe. Don haka ka ɗauka ranar rufewarka mako uku ce kafin wadda aka rubuta, ka shigar da takardar neman izinin ɗa'a tun yanzu, kafin ma ka san wa za ka nema.

Faɗuwa sau uku ba abin karaya ba ne. A NIH, inda manyan masana ke fafatawa, shekaru da yawa a baya kusan ɗaya cikin biyar kawai aka riƙa tallafa wa. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma ba ka gaya mini abin da masu tantancewar suka rubuta maka ba. Ina zargin ka karanta layin farko ka rufe. Koma ka buɗe dukkan ukun, ka jera su gefe da gefe, ka ja layi a ƙarƙashin duk ƙorafin da ya maimaitu. Daga yadda ka bayyana aikin, ina jin za ka tarar an ce ka ɗebo da zafi: kana son auna ruwa, ka ƙirga masu gudawa, ka bi rajistar aji, ka kuma gwada magani, duk a shekara ɗaya da kuɗi kaɗan. In haka ne, yanke. Ɗauki makarantu kaɗan, zango ɗaya, tambaya ɗaya: shin a makarantun da ruwansu ke ɗauke da E. coli yara sun fi fashi? Nemi ƙaramin tallafi a kan wannan, ka gama shi, ka buga sakamakon a mujallar da ake tantancewa da gaske, ka rufe lissafin kuɗin ba tare da ko rasit ɗaya ya ɓace ba. Da wannan za ka tunkari manya, don abin da suke fara dubawa shi ne ko an taɓa ba ka amana ka sauke.

Shi kuma mutumin WhatsApp, kada ka tura masa fasfo ko takardun shaidarka. In ka riga ka tura, sanar da bankinka. Ɗauki hoton saƙonninsa ka aika wa gidauniyar da yake ambata ta adireshin da ke shafinta, ka ba ofishin binciken jami'arku kwafi, sannan ka toshe lambar. Wasiƙun ban haƙurin nan uku kuma ka turo mini su, ka goge sunanka, mu duba tare.