Amsa ga mai neman hanyar karanta sauye-sauyen kuromosom, kariyotayif da bayosensa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce jarrabawa ta matso, babin nan kuma ya ƙi zama miki a ka, kina tambayar ta ina za ki kama. Na daɗe ina yi wa ɗalibai bitarsa, kuma shawarata kullum ɗaya ce: ajiye hadda, ɗauki biro ki zana, idonki a kan santaromiya, wato ƙullin jikin kuromosom da ake kamawa a ja shi lokacin rabuwar ƙwayar halitta.

Sauyin tsarin kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, kashi huɗu ne. Yanki ya gutsure ya ɓace, ko ya maimaitu, ko ya juya a mazauninsa, ko ya koma jikin wani kuromosom. Biyun farko ba sa wahala. Riƙe misali ɗaya, ciwon da jariri ke kuka kamar kyanwa, inda gajeren hannun kuromosom na 5 ke rasa yanki.

A juyewa ake zubar da maki. Rubuta A B C D E F G, ɗiga santaromiya tsakanin A da B, a ƙasa kuma rubuta A B E D C F G. Don kuromosom biyun su haɗu a mayosis, rabuwar da ke samar da ƙwai da maniyyi, dole ɗaya ya yi lanƙwasa. Ki sa musayar yanki tsakaninsu ta faru a cikin lanƙwasar, ki bi kowane zare da yatsa. Za ki tarar da zare mai santaromiya biyu, wanda ake ja ta gefe biyu a anafes na farko har ya tsinke, da wani marar ko ɗaya, wanda ke salwanta. In kuwa santaromiya na cikin yankin da ya juya, kowane zare na da guda, amma wasu haruffan sun ninku, wasu babu. Masu tambaya na son cewa juyewa na hana musaya. Musayar tana faruwa, sakamakonta ne ba ya rayuwa, shi ya sa ba a ganinsa a 'ya'ya.

Sai sauya gurbi. Nowell da Hungerford sun ga kuromosom ɗin Filadelfiya a 1960, Janet Rowley kuma ta nuna a 1973 cewa musayar yanki ce tsakanin kuromosom na 9 da na 22 ta haifar da shi. Ita ke haɗa ƙwayoyin gado biyu, BCR da ABL, tushen sankarar jini ta CML. Nau'in Robertson, inda dogayen hannayen kuromosom biyu ke haɗewa su zama ɗaya, yana faruwa ne tsakanin 13, 14, 15, 21 da 22 kawai. Uwa mai haɗin 14 da 21 tana da kuromosom 45, lafiyarta lau, amma tana iya haifar ɗa mai ciwon Down alhali adadinsa 46 cif. Wannan tambayar tana yawan fitowa.

A kariyotayif, wato jera kuromosom ɗin mutum don a ƙirga a duba su, kowane mataki ki tambayi dalilinsa. Ana sa sinadarin PHA don fararen ƙwayoyin jini su fara rabuwa, kolcisin ya tsayar da su a metafes lokacin da kuromosom suka fi kauri, ruwan gishirin KCl marar ƙarfi ya kumbura ƙwayar su warwatsu, sannan tirifsin da rinin Giemsa su fitar da ratsi. A 1956 Tjio da Levan suka tabbatar cewa adadin na ɗan Adam 46 ne, a da ana cewa 48. Ki sani kuma ƙaramin gutsurewa, irin na 22q11.2, yakan kuɓuce wa wannan hanya, sai an koma ga FISH, gwajin da ke haska yankin da ake nema da rini mai ƙyalli.

Bayosensa, wato na'urar da ke amfani da abin halitta wajen gano sinadari, kada ta cinye miki lokaci. Akwai sashen halitta mai gane abin da ake nema, da sashen da ke mayar da ganewar sigina. Ki kama na'urar gwajin sukari, wadda tushenta aikin Clark da Lyons ne a 1962: enzayim gulukos oksides ya sarrafa sukari, haidirojin feroksayid ya fito, ilektirod ya auna lantarkin.

Ki zana juyewar nan iri biyu yau, ki turo hoton, in sha Allahu zan duba miki.