Wace firinta ce za ta yi aiki da Linux?

TAMBAYA: Ina da shagon buga takardu kusa da wata makaranta a Zariya. Da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, ƙanena ya sa mini Linux Mint a kwamfutocin shagon. Yanzu ina son sayen firinta mai haɗe da sikana, amma masu sayarwa sun ce faifan Windows kawai gare su. Wacce zan saya?

AMSA: Malam, rabu da faifan nan, ba shi za ka nema ba. Duba jikin kwali ko littafin na'urar. In ka ga an rubuta AirPrint, Mopria ko IPP Everywhere, to ka huta. Irin waɗannan firintocin da kansu suke gaya wa kwamfuta girman takardar da suke ɗauka da ko suna buga launi, kuma CUPS, manhajar da ke kula da bugu a Linux, tana jin wannan yaren ba tare da an sa komai ba. Yawancinsu sikanarsu ma haka take, ka buɗe Document Scanner da ke cikin Mint ka ga ta fito.

Amma na san kasuwarmu, ta hannu za a fi nuna maka, kuma a nan ne ake shan wahala. Tsofaffin HP na ofis, kamar LaserJet 1320 da P2055, suna jin PCL da PostScript, yarukan bugu da Linux ma ta sani, don haka lafiya lau suke aiki, sai dai ba su da sikana. Ƙanana masu araha irin su LaserJet 1018 da 1020 kuwa kwamfuta ce ke yi musu tunani, har sai ta tura musu wata 'yar manhaja duk lokacin da aka kunna su. Suna aiki, amma sai ka sa HPLIP, manhajar HP ta Linux, ka kuma sauke ƙarinta daga intanet. Canon LBP2900 da ta cika shaguna tana da direban Linux, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, sai dai saita shi na cin rai, ni ba zan ba sabon shiga shawararta ba. Brother da Epson suna ajiye direbobin Linux a shafukansu, ka ɗauki mai ƙarewa da .deb, shi ne na Mint.

Tunda sana'a kake yi, mai tona (garin bugu) ta fi maka mai tawada sauri, amma ka tuna tana jan wuta sosai lokacin da take ɗumama, ƙaramin janareta zai yi kuka.

Kada ka biya kuɗi a kan "ai tana yi". Tafi da laftof mai Mint, ko fulas ɗin da ƙanenka ya yi amfani da shi wajen sa Mint, a tayar da Mint a kwamfutar mai shagon. A buga shafi guda, a kuma ɗauki hoton takarda guda a gabanka. Sikanar za ka fi matsa wa, domin sau da yawa bugu na yi ita kuma ta ƙi.