Tambaya da Amsa: Kiɗan Tinariwen na Turawa ne ko na Abzinawa?

Tambaya: Malam, direban da ya ɗauko mu daga Agadas bai sa komai a mota ba sai waƙoƙin Tinariwen. Abokina ya ce kwaikwayon Turawa kawai suke yi. Su wane ne, kuma ina suka samo wannan kiɗa? Daga mai karatu a Damagaram.

Amsa: Ɗan'uwa, ka ce wa abokin naka ya sake kasa kunne. Jitar lantarki dai daga waje ta zo, kuma sun saurari kaset-kaset na Turawa da na Larabawan Aljeriya. Amma ka bi tafin da ke ƙarƙashin jitar, da yadda mutum ɗaya ke bayarwa sauran na amshi. Wannan salon tande ne, turmin da matan Abzinawa ke rufe wa baki da fatar akuya su kaɗa a wurin biki. Waƙoƙin kuma da Tamashek, harshen Abzinawa, ake rera su.

Jagoransu Ibrahim Ag Alhabib ɗan arewacin Mali ne. Yana ƙaramin yaro sojojin gwamnati suka kashe mahaifinsa a tawayen Abzinawa na 1963, ya tashi yana gudun hijira a Aljeriya. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta: gwangwani, sanda da wayar birkin keke. A Tamanrasset da ke kudancin Aljeriya ya haɗu da abokan kiɗansa wajen 1979, samari marasa aikin yi da fari ya raba da dabbobinsu. Daga nan suka shiga sansanonin horon soja na Gaddafi a Libiya, wasunsu ma sun yi yaƙi a tawayen 1990 kafin su ajiye bindiga.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihinsu shi ne shekarun da suka yi ba kamfani, ba mai gida. Duk wanda ya kawo musu kaset wanda ba komai a ciki, sai su ɗaukar masa waƙa kyauta. Kaset ɗin ya bi hannu zuwa hannu, ana kwafa, har ya ratsa Sahara a lokacin da hukumomin Mali suka haramta sauraronsa. Kewar gida da ƙishirwa da haɗin kan jama'arsu suke waƙewa, shi ya sa wanda bai taɓa ganinsu ba ya haddace baitocinsu.

Sai a 2001 faifansu na farko ya fita kasuwar duniya, wanda aka naɗa a gidan rediyon Kidal, a arewacin Mali. A 2012 suka ci kyautar Grammy a Amurka. A shekarar ce kuma masu ɗauke da makamai suka hana kiɗa a arewacin Mali, dole suka je Kalifoniya naɗar faifai na gaba.

In kiɗan ya kwanta maka, nemi Bombino ɗan Agadas da Mdou Moctar, 'yan Nijar ne da suka taso a kan wannan turba, sai dai jitar Mdou ta fi zafi da sauri.