Danƙon salatif a jikin kujerar fata: yadda ake cire shi ba tare da an ci launi ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Watan jiya muka yi wa 'yata jere, aka ɗauko kujerunta na fata masu ruwan toka daga Kano zuwa Gusau. Masu lodi sun naɗe su da leda, suka ɗaure da salatif mai ruwan ƙasa irin na kwali, kuma a wurare da yawa jikin kujerar ya kama, a hannuwa da baya. Sai da aka yi sati uku kafin a kwance. Da aka ɓamɓare sai ya bar danƙo, yanzu ƙura ta hau ya yi baƙi. Na gwada kananzir a wuri ɗaya, danƙon ya fita amma wurin ya dusashe, ba ya sheƙi kamar sauran. Akwai kuma ɗigon sufa-gulu a kan kushin ɗaya. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Kafin komai, a mayar da kananzir ɗin nan madafa, kada ya sake kusantar kujerun. Danƙon zai fita, kuma da kayan da ke cikin gida. Launin kujera kuwa idan ya tafi, sai an nemo mai gyara an biya kuɗi.

Ga abin da ya sa wurin ya dusashe. Idan kika shafa kujerar fata irin ta zamani, ba fatar ce hannunki yake taɓawa ba. A masana'anta an fesa mata launi, sannan aka bi da wani siririn shafi marar launi wanda shi ne ke ba ta sheƙi, yake kuma hana ruwa shiga. Kaurinsu gaba ɗaya kamar na takardar littafi ne. A ƙa'idar Turai ma, idan shafin ya wuce milimita 0.15 ba a yarda a kira abin fata zalla ba. A kan wannan shafin danƙon salatif yake zaune, kuma su biyun dangin roba ne. Abin da zai narkar da danƙo cikin ƙiftawar ido ba zai bar shafin lafiya ba. Shi ya sa ake farawa da hannu da ɗumi, a bi da sabulu, sai in abin ya ƙi ne a ƙara gaba, kuma a tsaya a inda ya yi aiki.

Sai dai ki fara sanin irin kujerar, domin a kasuwa ta fata da ta roba duk "leda" ake ce musu. Ɗaga kushin, ko ki leƙa ƙarƙashin kujera inda aka buga ƙusoshi, ki duba bakin abin da aka yanka. Idan bayansa gashi-gashi ne kamar cikin takalmin fata, fata ce ta gaske. Idan saƙaƙƙen yadi kika gani manne a baya, roba ce aka yi wa zanen fata. Daga nan ki ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a wurin da ba a gani, ki jira minti biyu. In ya tsaya dunƙule kamar raɓa a kan ganye, akwai shafi, duk abin da za mu faɗa ya shafe ki. In ya nutse ya bar duhu, fatar ba ta da kariya, kada mai ko sifirit ya taɓa ta, akwai bayaninta a gaba. Kujeru masu launi bai ɗaya kamar naki galibi masu shafi ne, amma gwajin ba ya cin komai.

Fara da share ƙurar da busasshen tsumma mai laushi, fari, irin tsohuwar singileti. Ƙurar da ta maƙale a danƙo yashi ce, idan aka murza da ita sai ta karce shafin. Sannan ki ɗumama wurin da dirayar gashi a kan ƙaramin zafi, tazarar taƙi ɗaya daga kujera, kina kaɗa ta, sakan 20 zuwa 30. Ɗora bayan hannunki a wurin: in ba za ki iya barinsa a kai ba, zafin ya yi yawa. Idan babu wuta, a zuba ruwan ɗumi a gorar roba, a naɗe ta da tsumma a ɗora minti biyu. Ban da dutsen guga, kuma kada a fitar da kujerar rana, zafin rana ne ma ya dafa danƙon tun a bayan mota.

Da ya yi laushi, sa cikin babban yatsanki ki riƙa tura shi daga gefe zuwa tsakiya. Za ki ga yana naɗewa yana zama ƙananan dunƙule baƙaƙe kamar dattin robar goge fensir, ki riƙa tsince su kina yarwa don kada su sake mannewa. Wanda ya rage a ɗauke shi da ɗan'uwansa: ki yanki sabon salatif, ki naɗa a yatsu uku danƙon yana waje, ki danna ki ɗaga, ki danna ki ɗaga. Gam ya fi son gam a kan fata. Farin salatif na takarda da masu fenti ke amfani da shi ya fi dacewa don ba shi da ƙarfin kamu, kuma a gwada shi a ɓoyayyen wuri tukuna, saboda shafin da bai kama da kyau ba yakan biyo salatif. Farar robar goge fensir ma tana aiki, a hankali. Inda ya yi kauri a tura da gefen tsohon katin ATM a kwance, kada a tsayar da shi, kada kuma a sa farce. Wannan matakin shi ne mai cin lokaci, hannun kujera ɗaya zai iya ɗaukar minti ashirin, amma shi ke fitar da mafi yawan danƙon ba tare da an taɓa launi ba. A yi wuri kamar faɗin tafin hannu, a gama, a matsa gaba.

Bayan haka sai wanki. Ruwan ɗumi rabin lita, wato kamar ledar fiya-wata ɗaya, a ɗiga sabulun ruwa na wankan jarirai ɗigo uku ko huɗu, a kaɗa ya yi kumfa. Kumfar ake so. A tsoma tsumma a matse shi sosai har ya daina ɗiga, a goge ba da ƙarfi ba, a bi da wani tsumman na ruwa zalla, a tsane da busasshe. A bar shi ya sha iska awa ɗaya, sannan a taɓa da bayan yatsa a ji ko yana kamawa.

Idan har yanzu yana kamawa, to ga mai. Man jarirai mai ruwa-ruwa, bebi-oyil, ɗigo biyu ko uku a kan tsumma, ba a kan kujera ba. A dangwala a kan danƙon kaɗai, a bar shi minti biyu zuwa uku, a murza a hankali, nan take kuma a wanke da kumfar nan. Mai yana shiga danƙon roba ya kumbura shi ya saki. Hatsarinsa yana wajen ɗinki da inda fata ta tsage: yakan bi ramin allura ya shiga cikin fatar ya yi baƙin tabo a ƙarƙashin shafi, inda tsumma ba ya kaiwa. Don haka a bar tazarar yatsa ɗaya daga ɗinki. Man gyaɗa, man zaitun da man kaɗanya su ma suna sassauta danƙo, amma abin da ya shige cikin fata yakan yi wari daga baya, mu ba ma ba da shawararsu.

Akwai salatif ɗin da gam ɗinsa ba ya jin mai sosai. Shi ne ake kai wa sifirit, irin na kyamis marar launi, kuma shi ne mataki na ƙarshe da za a yi a gida. A jiƙa kan tsinken goge kunne kaɗan, a gwada a ƙarƙashin kushin: taɓawa ɗaya, a duba audugar. A nan ki kula, Hajiya, domin kujerunki ruwan toka ne, datti da launi kamanninsu ɗaya a jikin auduga. Ki wanke wurin gwajin da sabulu ya bushe tukuna, ta yadda duk tokar da kika gani launin kujera ne. In ta fito, a haƙura da sifirit. In audugar ta fito fara, a mirgina tsinken a kan danƙon sakan biyu ko uku, a goge da tsumma mai laima, a dakata minti biyar kafin a sake. Kada a wuce sau uku a wuri ɗaya.

Fetur, tina ta masu fenti da ruwan goge farce suna cin shafi da launi nan take. A kujerar roba kuma ɓarnarsu a ɓoye take: akwai wani mai da aka cuɗa cikin robar don ta yi laushi, su kuwa zuƙe shi suke yi, sai hunturu ya zo a ga wurin ya sandare ya fara tsagewa, a rasa dalili. Turaren fesawa ma sifirit ne a cikinsa. Omo, sabulun soda da bilic sun yi wa fata kaifi, ita a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kaifi, tana wajen 4 zuwa 5, na omo kuwa yana kusan 10. Magungunan cire sitika masu ƙamshin lemo da ake sayarwa a manyan kantuna, a karanta bayan kwalbar, akwai waɗanda suka rubuta ƙarara ban da fata. Soson ƙarfe da reza ba sai an faɗa ba.

Fatar da ta sha ruwa a gwaji, da mai gashi-gashi kamar karan-miski, hannu da roba kawai ake sa musu: ɗumi kaɗan, dangwalawa da salatif na takarda, sai robar goge fensir ko ɗanyar roba irin wadda masu gyaran takalma ke share gam da ita. Tumtum da matasan fata na dukawa suna cikin wannan sahu. Da bagaruwa ake jeme fatarsu, rininsu yana zuba in ya ji ruwa, kuma idan ƙarfe ya haɗu da laima a jikin irin wannan fata baƙi take yi wanda ba ya fita. Da ƙarfe ɗin ma dukawa ke haɗa baƙin rininsu. Saboda haka ko bayan cokali kada a kankare su da shi.

Sufa-gulu lamarinsa daban ne. Yana kama shafi fiye da yadda shafin ya kama fata, in aka ɓalle shi da ƙarfi sai ya taho da launi, ya bar farin tabo daidai girmansa. Abin da ke narkar da shi, wato ruwan goge farce, shi ne kuma ke narkar da shafin. A gida, a ninke tsumma mai ruwan sabulu mai ɗumi a ɗora a kan ɗigon minti goma zuwa sha biyar, a ɗan lanƙwasa fatar a ƙarƙashinsa, a tura gefensa da kati. A maimaita sau uku ko huɗu, wani lokaci yakan saki ɓarɓashi-ɓarɓashi. In ya ƙi, masu gyara sukan kewaye shi da salatif na takarda, su goge tudun da sanfefa mai laushi sosai, lamba 1000 ko 1200, har ya yi daidai da jikin kujera, sannan su taɓa launi. Idan kushin ɗin mai fuska biyu ne, juya shi ya fi duk wannan sauƙi. Ranar da wani ya sake zuba yana ɗanye kuwa, kada a share da auduga ko tsumma: yana haɗuwa da auduga yake ɗaukar zafi ya daskare, ga shi an shimfiɗa shi ya ƙara faɗi. A kwashe da gefen kati. Gam ɗin masu takalma da na masu ɗinkin kujera a bar shi ya bushe sarai, sannan a naɗe shi da yatsa. Farin gam na kafinta jiƙaƙƙen tsumma mai ɗumi na minti biyar ya ishe shi. Cingam kuma ƙanƙara a cikin leda, minti biyar zuwa goma, ya sandare a ɓalle.

Sai wurin da kananzir ya taɓa. A wanke shi da kumfa sau biyu, a buɗe taga ya kwana. In da maiƙo, a barbaɗa hoda ko garin sitaci da dare a kaɗe da safe. Sannan a shafa kirim ɗin kujerar fata marar launi, kamar girman ƙwayar wake, a bar shi minti sha biyar a goge. Idan sheƙi ya dawo, ragowar kananzir ne ya rufe shi. Idan launi yana nan amma wurin ya ƙi sheƙi, shafin sama ne ya ci, sai mai gyaran kujerun fata ko mai gyaran kujerun mota ya fesa sabo, kuma ya fesa hannun kujerar daga ɗinki zuwa ɗinki don kada facin ya fito. Kada a rufe shi da man takalmi ko basilin, baƙo zai tashi da shi a bayan farar shaddarsa, kuma sabon shafi ba ya kama wurin da aka cika da maiƙo.

Duk inda kika yi aiki, ki shafa kirim ɗin nan bayan ya bushe, ki haɗa da kewayensa don sheƙin ya zo ɗaya. In kuma za a sake ɗaukar kujerun zuwa wani gida, a fara lulluɓe su da tsohon zanen gado ko bargo, leda ta hau kan bargon, salatif ya hau kan ledar, kuma a kwance su a ranar da aka sauke.